Kwas ɗin WHO na iyayen yara masu lalura: darasi ya hau intanet, to wa zai duba aikin?

A ƙarshen watan Maris na 2022, gab da ranar 2 ga Afrilu da duniya ta ware don wayar da kai kan lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta saki wani kwas kyauta a dandalinta na OpenWHO. An yi shi ne don iyaye da masu kula da yara 'yan shekara 2 zuwa 9 da ke da jinkirin magana, ko wahalar hulɗa da mutane, ko wata lalura ta tasowa. Asalinsa wani shiri ne da ake kira CST, wato horon ƙwarewa ga masu kula da yara, wanda WHO ta tsara tare da ƙungiyar Autism Speaks ta Amurka, aka gwada shi a ƙasashe sama da 30, har da Habasha da Kenya da Indiya.

Buƙatar kam babba ce. Rahoton da WHO da UNICEF suka fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa a 2019 yara da matasa miliyan 317 ne ke da lalurorin da ke taɓa tasowarsu. Ƙwararrun da za su duba su kuwa ba su da yawa, kuma galibi a manyan birane suke. Don haka duk abin da zai kai ilimi cikin gida ba tare da kuɗin mota da layin asibiti ba, ya cancanci yabo.

Kuma kwas ɗin ya yi abin yabo. Ba ya neman a sayi wani kayan wasa mai tsada. Yana koya wa uwa ko uba yadda za su mai da wanka, da cin abinci, da sa tufafi, su zama lokacin koyo. A zauna daidai da idon yaro, a lura da abin da ya ja hankalinsa a bi shi a kai, a ɗan jira kafin a miƙa masa abin da yake so don a ba shi damar nuni ko furta kalma. Akwai gajerun bidiyoyi, da tambayoyin gwaji, da darussa kan yadda mai kula da yaron zai kula da kansa. Wannan na ƙarshe ya burge mu, domin gajiyar uwa ba kasafai ake tambayarta a asibiti ba.

To ina matsalar? Tana wajen abin da aka bari a baya. CST na asali zama 9 ne na rukuni, da ziyarar gida sau 3. A ziyarar, mai horarwa, wanda zai iya zama jami'in lafiyar unguwa ko malamin makaranta da aka horar, yana kallon uwa da ɗanta suna wasa. Su biyun suke zaɓar abin da za a sa a gaba, yana gyara mata, ita ma tana gaya masa abin da ba zai yiwu ba a gidanta. Nan ne haɗin gwiwar yake. Sigar intanet ta ɗauko darasin, amma mai karatu yana bin sa shi kaɗai.

Me ya sa muka damu da wannan? Saboda abin da bincike ya nuna. A Ingila an yi wani gwaji mai suna PACT da yara 152, aka buga shi a mujallar Lancet a 2010. Ana ɗaukar bidiyon uwa ko uba suna wasa da yaron, sai su zauna da ƙwararren gyaran magana su kalla tare, suna tsayar da shi a wurin da yaron ya yi ƙoƙarin sadarwa amma aka wuce ba a gani ba. Da farko sauyin da aka gani ya fi fitowa a yadda iyaye ke amsa wa yaran. Da aka sake bibiyarsu kusan shekara 6 baya, rahoton 2016 ya nuna alamomin lalurar sun ragu fiye da na yaran da ba a yi wa wannan ba. A 2016 ɗin dai aka buga wani gwajin mai suna PASS, wanda aka yi a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan da yara 65. A can ma'aikatan lafiya da ba ƙwararru ba ne suka yi aikin bidiyon, kuma an samu ci gaba a yadda iyaye ke amsawa da yadda yaran ke fara neman magana.

Kun ga abin da ya haɗa su: wani ya ga abin da ke faruwa tsakanin wannan uwa da wannan yaro. Gani ya kori ji. Uwa za ta iya cin duk tambayoyin gwaji a waya, ta san cewa ana jira kafin a miƙa wa yaro kofi, amma ba ta san cewa ita daƙiƙa ɗaya kawai take jira ba. Allon waya ba zai gaya mata ba. Haka shi ma likita, minti goma da yake yi da yaro a ɗakin duba marasa lafiya ba za su nuna masa cewa kaka ce ke wuni da shi ba, ko cewa yayarsa 'yar shekara 9 ce kaɗai yake yarda ya yi wasa da ita.

Ga mai jin Hausa akwai ƙarin shinge. Da Ingilishi aka fara sakin kwas ɗin, yana buƙatar iya karatu, bidiyo kuma yana cin data. Sannan a gidaje da yawa waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, wanda ba shi ne ke wuni da yaron ba.

Duk da haka ba mu ce a yi watsi da shi ba. Da babu gara ba daɗi. Shawararmu ita ce a ɗauke shi a matsayin littafin aiki na mutum biyu. Malamar asibiti ko malamin ajin yara masu buƙata ta musamman ya bi kwas ɗin, ya mai da darasin mako zuwa saƙon murya da Hausa a WhatsApp. Uwa ta gwada, ta turo bidiyon minti biyu na cin abinci ko wasa. A amsa mata da abu ɗaya da ta yi daidai da abu ɗaya da za ta gwada. A kuma tambaye ta abin da ita ta fi so ɗanta ya iya, ko da kuwa cewa "ruwa" ne idan yana jin ƙishi.

Sai dai a kiyaye amana. Bidiyon yaro sirrin gida ne. A tura shi kai tsaye ga mai duba shi, kada a jefa a zauren jama'a, a kuma yi yarjejeniya tun farko kan lokacin da za a goge shi.

Idan akwai yaro mai irin wannan lalura a gidanku, ku buɗe kwas ɗin. Amma kafin darasi na farko, ku nemi jami'in lafiya ko malami guda da zai yarda ya riƙa kallon aikin tare da ku.