Wa ya rufe masaƙun Rube?

Bara wata ƴar tafiyar karatu ta kai mu Lil, a arewacin Faransa. Muka ware yini guda, muka shiga metoro zuwa Rube (Roubaix), dab da iyakar Beljik. Da can nan ne cibiyar saƙar ulu ta Faransa, har ana yi mashi kirari da garin bututun hayaƙi dubu. Ƴan bututun da suka rage yau ba su fidda komi, hotonsu kawai ake ɗauka.

Ba zan ɓoye maku ba, garin ya burge ni. La Piscine kaɗai ta biya kuɗin tafiya. Gidan iyo da wanka ne da magajin gari Jean Lebas ya sa aka gina, aka buɗe shi a 1932, zamanin da yawancin gidajen ma'aikata ba su da wurin wanka. Ya daina aiki a 1985, a 2001 aka maida shi muze. Ruwa na nan a tsakiya, mutum-mutumi sun jeru dama da hagu, wata ƙatuwar taga mai siffar rana tana zubo masu haske. Aiki ya yi kyau, babu gardama.

Inda nike da magana shi ne harshen da ake sayar ma baƙo garin da shi. A bakin jagoranmu da cikin ƴan takardun da aka raba mana, jimla guda ta yi ta dawowa: l'usine a fermé. Ku dube ta da kyau, babu mai aikatawa cikinta. Mu in muka ce "an rufe masaƙa", mun ɓoye sunan mutum, amma mun bar kujerarsa, mai sauraro na iya cewa: wa? Ita waccan jimla ta fi kusa da "masaƙa ta rufu", sai ka ce ƙyaure ne iska ya kaɗa. Motte-Bossut ta rufu a 1981, La Lainière ta rufu a 2000, shi ke nan, a wuce gaba a ga wani gini.

To amma masaƙa ba ta rufuwa. Mutane ne suka zauna, suka yi lissafi, suka ga yadin ƙasashen da leburanci ke da araha ya fi riba. Kuɗin ma ba su mutu ba, sana'a suka sake. A nan Rube Gérard Mulliez, ɗan gidan masu masaƙa, ya buɗe kantin Auchan na farko a 1961.

Sai kalma ta biyu, patrimoine. Tushenta pater ne na Latin, wato gadon uba. Uban wa? Katafaren ginin Motte-Bossut, mai kama da fadar sarki, yana ɗauke da sunan masu shi har gobe. Waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu cikin ƙura da ƙarar injin kuwa, sunansu guda ne, main-d'œuvre: hannun aiki. Hannu fa, ba mutum ba. Ƴan Beljik ne da farko, sannan ƴan Italiya, Polan, Fotigal, Aljeriya, Maroko. Da yawa sun zauna cikin courées, ƴan ƙananan gidaje a jere cikin lungu, famfo guda da salanga guda na kowa da kowa. Jikokinsu na nan cikin garin, kuma Rube na cikin garuruwan da suka fi talauci a Faransa. Tafiyar minti goma daga muze ta isa ka gani da idonka, sai dai hanyar da aka zana mana ba ta bi ta nan ba.

Don in yi adalci: tun 1993 cikin Motte-Bossut ɗin nan ake adana takardun tarihin ƙwadago na ƙasa, har da na ƙungiyoyin ma'aikata. Labarin bai ɓata ba ke nan, yana cikin kwalaye. Ɗan yawon buɗe ido mai awa biyar ne ba ya kai gare shi.

Ni ma ban tsira ba. Cikin metoro, kan hanyar komawa Lil, na duba hotunan da na ɗauka: jan bulo, taga, bututu, jan bulo. Babu ɗan gari ko guda. Kuma da wani abokin tafiya ya tambaye ni labarin mahaƙar Akokan da ta tsaya a 2021, sai na ji bakina ya ce mashi: la mine a fermé.