Kalankuwar da Aka Yi a Jami'ar Essex

Cikin azumin bara ne, a wani zama da muka yi a Kura bayan an sha ruwa, wani malamin Hausa da nake ganin girmansa ya yanke wa wasannin kwamfuta hukunci baki ɗaya. Ya ce babu abin da ke cikinsu sai harbe-harbe da cinye caji da data. Da na kawo masa zancen wani tsohon wasa na rubutu zalla da ake kira MUD, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, wasan da ko hoto babu? Me yaro zai gani?" Wani ɗan ƙanena da ke gefe, wanda PUBG ta hana shi barcin dare, ya goya masa baya, ya ce ai wannan kayan tsofaffi ne, Baba. Mutum biyu da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba suka haɗe mini kai. Kafin in buɗe baki aka kira Isha'i. Amsar da ban samu bayarwa ba a daren ita ce wannan.

Tarihin gajere ne. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi a zaune da takarda da 'ya'yan ludo, mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi. A 1976 Will Crowther ya rubuta wasan kwamfuta na yawo cikin kogo, wanda mutum ke rubuta umarni na'ura ta ba shi amsa, Don Woods ya faɗaɗa shi a 1977. Amma mutum ɗaya ne ke yin sa, shi kaɗai kamar mai gadin gona. A 1978 wani ɗalibi a Jami'ar Essex da ke Colchester a Ingila, Roy Trubshaw, ya rubuta irinsa a kan babbar kwamfutar makarantar, samfurin PDP-10, ta yadda mutane da yawa za su shiga duniya ɗaya a lokaci ɗaya. Ya sa masa suna Multi-User Dungeon, wato kogon ƙarƙashin ƙasa na jama'a da yawa, aka taƙaita zuwa MUD. Da Trubshaw zai bar makaranta a 1980 ya miƙa wa abokinsa Richard Bartle, wanda ya gina mafi yawan ƙasar wasan da ƙa'idojinsa. Mutanen waje ba a ba su damar shiga sai dare ya raba, lokacin da kwamfutar jami'a ta huta, kuma haka suka riƙa kwana a kai. An rufe na Essex a 1987, amma kamfanin CompuServe ya ci gaba da gudanar da shi da sunan British Legends har 1999. Daga gare shi aka samu AberMUD a 1987, da TinyMUD da LPMud a 1989, da DikuMUD na ɗaliban Kwapanhagan a farkon shekarun 1990. Ultima Online na 1997 da EverQuest na 1999 da World of Warcraft na 2004 duk jikoki ne da aka ɗinka wa rigar hoto.

Yadda ake yin sa ba wuya. Ka shiga da sunan da ka zaɓa, ba ka da komai. Ƙasar an yanka ta gida-gida, kowane wuri da bayaninsa da hanyoyin fita. Ka yi yawo, ka warware dabaru, ka yi faɗa da dodanni ko da 'yan'uwanka 'yan wasa, ka tara dukiya. A MUD na farko dukiyar ba ta zama maki sai ka kai ta wata fadama mai taɓo ka jefa ta nutse. Maki na ƙaruwa, muƙami na hawa, har mutum ya kai 102,400 ya zama matsafi ko matsafiya, wanda ke iya ɓacewa, ya leƙa abin da wasu ke yi, ya taimaki wanda ya so, ya wahalar da wanda ya ga dama. Idan kuwa aka kashe ka a faɗa kafin nan, to shi ke nan, an shafe sunan da makin duka, sai ka koma farko kamar baƙo.

Abin da na fi so a wannan fanni, kuma wanda malamin namu ya ɗauka nakasu ne, shi ne bayanin wuri. Bari in rubuta nawa da Hausa, a kan ƙasar da muka sani, don mu duba shi da kyau:

"Kana tsaye a bakin babban kanal, ruwa ya cika har yana lasar siminti. Daga gabas gonar shinkafa ce da ba a yanke ba. Daga yamma turba ta miƙe zuwa wata tsohuwar marina. Wani ya bar lauje a gindin giginya. Sawun wani babban abu ya taka taɓo ya nufi kudu."

Dubi kalmar farko. Tatsuniya takan ce wai wata rana Gizo ya tashi, abin ya faru ga wani, kuma ya riga ya wuce. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja da bakinsa yake ba da labarin tafiyarsa, mu muna sauraro. Nan kuwa "kana" aka ce. Ba a bar wa mai karatu tabarmar 'yan kallo ba, an tura shi cikin fili, kuma abin yanzu yake faruwa. A adabinmu na rubuce da wuya ka ga labarin da aka gina kacokan a kan wannan lamiri. Inda muke jin sa shi ne bakin mai wa'azi idan yana siffanta kwanciyar kabari, da bakin mai kwatance. Dukansu biyu so suke ka motsa.

Sai lauje. A littafin soyayya marubuciya na iya cika falo da kujeru da labule na shafi biyu, ba wanda zai taɓa su. A MUD duk abin da aka ambata alkawari ne. Tunda an ce akwai lauje, dole in na rubuta "ɗauki lauje" ya zo hannuna, dole kuma ya yi amfani a wani wuri, ko a gonar gabas ko a wuyan abin da ya nufi kudu. Wannan ya hana marubucin wasa surutu. Kalmar da ba ta aiki ƙarya ce da ɗan wasa zai kama nan take. Ban san wata makarantar koyon tsimin magana da ta kai wannan tsanani ba, in ka ɗebe karin magana.

Sawun nan kuma, ban faɗi na mene ne ba. Wanda ya tashi a Bunkure zai ga wani abu, wanda ya tashi a Fagge ya ga wani daban, kowa da dodon da kakarsa ta tsorata shi da shi. Da hoto ne, da mai zane a wata ƙasa ya riga ya yanke mana kamannin dodon, mu duka mu ga abu ɗaya, mu saba da shi cikin kwana biyu. To ga amsar "me yaro zai gani". Zai ga abin da yake gani a dandali lokacin da tsohuwa ta ce Dodo ya fito daga ruwa, ba ta kuwa taɓa zana masa shi ba. Malamin da ke koyar da tatsuniya a aji bai kamata a ce shi ke tambayar ina hoto ba.

Dubi kuma tsarin hanyoyin: gabas, yamma, kudu, arewa. Bature na birni da hagu da dama ya saba, sai ya koyi wannan. Mu kuwa da shi muka tashi. Duk wanda ya taɓa ganin takardar cinikin gona a yankin nan ya san yadda ake rubuta ta: daga gabas ta yi iyaka da gonar wane, daga arewa da kanal, daga kudu da burtali. Bayanin wuri ne na MUD sak, saura kawai dodo. 'Yan wasan Essex sukan taƙaita umarnin tafiya zuwa harafi ɗaya, kuma Hausa ta dace da wannan, domin kusurwoyinmu huɗu kowace da harafinta na farko: a, k, g, y. Inda Hausa za ta ba mai tsara wasa aiki shi ne jinsi. Turanci da kalma ɗaya yake fuskantar namiji da mace, mu kuwa sai mun zaɓi "kana" ko "kina", "ka ɗauka" ko "kin ɗauka". Wasu za su kira wannan wahala. Ni gani nake riba ce, domin wasan da ya ce wa yarinya "kina tsaye" ya riga ya san da ita tun daga jimlar farko.

Duk wannan bai bambanta MUD da wasan Crowther ba. Bambancin yana zuwa ne sa'ad da kake cikin karanta bayanin kanal, sai wani layi ya faɗo: wane ya shigo daga arewa. Mutum ne mai rai, a wani gari, yana karanta abin da kake karantawa. Yana iya yi maka sallama, yana iya rigan ka ɗaukar laujen, yana iya sare ka da shi. Daga nan labarin ya fita daga hannun wanda ya rubuta shi. Na fara ɗanɗana wannan ne a wani shagon intanet a Kano, zamanin da ake sayen awa, hoto ɗaya ya ci maka minti biyar bai gama buɗewa ba. Wasan rubutu kuwa gudu yake kamar ba a layi ɗaya suke ba. Wani baƙo da ban san ƙasarsa ba ya raka ni har bakin wani kogo, ya ba ni fitila, ya tafi. Na manta sunan wasan da ke kan sauran kwamfutocin shagon, ban manta fitilar ba.

A nan ne nake ganin ba baƙon abu muke magana a kai ba. Kalankuwa ce. Bayan kaka, an kai amfani gida, samari da 'yan mata na ƙauye su kafa mulkinsu na 'yan kwanaki: wannan Gwamna, wancan Alƙali, ga ɗan sanda, ga likita. Kowa ya san Gwamnan nan jiya shi ke korar tsuntsaye a gonar babansa, amma yau in ya yi magana sai a bi, in Alƙali ya ci ka tara sai ka biya. Ba wanda ya rubuta musu abin da za su faɗa. An dai ba su fili da muƙamai da ƙa'ida, sauran su ke ƙirƙira. Haka wasan gauta na matan fada, haka wani ɓangare na tashe. Bartle ya sha faɗa cewa shi da Trubshaw 'ya'yan talakawa ne a Ingila mai bambancin aji, kuma sun tsara hawan muƙami ne don a samu wurin da mutum zai ɗaukaka da aikinsa, ba da gidan da aka haife shi ba. Ɗan manomin da aka naɗa Gwamnan kalankuwa ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Ko jefa dukiya a fadama ma yana da ɗan'uwa a wurinmu: a filin kalankuwa da abin da ka fitar a gaban makaɗi ake sanin ka, wanda ka bari a aljihu ba shi da suna.

A 1996 Bartle ya rubuta maƙalar da ta raba 'yan wasa gida huɗu: masu neman maki, masu son gano lungu, masu zuwa don hira, da masu jin daɗin cutar wasu. Masana sun yi ta yayata ta kamar wani babban gano. Ba na raina ta, amma duk wanda ya taɓa zama sarkin samari ya san mutanen nan huɗu da sunayensu, ya kuma san cewa in na huɗun suka yi yawa 'yan hira za su watse, taro ya mutu.

Akwai suka biyu da suka fi na malamin nauyi. Na farko cin lokaci, kuma gaskiya ne, ɗalibai sun faɗi jarrabawa a kan MUD. Amma dara ma ta sa mutane sun rasa jam'i, ba mu ce a cike gurabenta ba. Na biyu maganar tsafi da ke cikin muƙaman. Wannan ado ne na Turawa da suka ɗebo daga tatsuniyoyinsu, ba ginshiƙin wasan ba ne. Mai tsara na Hausa yana da tsani a shirye, daga yaron gona zuwa Sarkin Noma, ko daga dogari zuwa Madaki. Masu cewa hoto ya riga ya kashe rubutu kuwa, su duba wayoyin matan Kano su ga littattafai nawa ake karantawa shafi-shafi a WhatsApp kowane dare.

Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara mana tatsuniyoyi da wasanni a takarda don kada su ɓace, kuma ya kyauta. Amma wasa a takarda ajiya ce kawai, ba a yin sa. Tun da ruwan Tiga ya iso gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, rani ya zama lokacin tumatir da alkama da albasa, hutun bayan kaka da kalankuwa ke rayuwa a cikinsa ya ƙanƙance. Samarin suna nan, dare yana nan, waya na hannunsu, sabis ɗin ne dai ba ya ɗaukar hoto mai nauyi a bakin gona. Abin da kwamfutar 1978 ta iya ɗauka, ƙaramar wayar mai jiran ruwa a Kadawa ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, kuma manhajojin gina irin wannan wasa suna nan kyauta a intanet.

Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Bayero da na Wudil, ku nemi 'yan sashen Hausa ku zauna. Ku fara da wurare ashirin kawai, daga marinar Kura zuwa kasuwar Kwanar Gafan, ku sa dodo ɗaya a kanal. In kun buɗe, ku aiko mini, ni kuma zan kawo muku malamin nan ya zama ɗan wasa na farko.