Hannun da Ya San Awon Taki

A ƙasar Zuru ba kasafai ake barin dawa ita kaɗai a gona ba. Manomin Dabai ko na Ribah yakan saka mata wake ko gyaɗa a tsakanin kunyoyi, kuma a nan ake gane gwani, don gona ɗaya ce amma cin shukokin ya bambanta. Dawa akwai ci: masana na ba ta kusan kilo 60 na sinadarin naitirojin a kowace hekta. Wake kuwa da guzurinsa yake tafe. Tuge guda ka duba saiwar, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle. In ka fasa ɗaya ka tarar da ja-ja a ciki, to ƙwayoyin halitta ne ke jawo masa naitirojin daga iska. Ɗan kaɗan yake so na tashi, kamar kilo 20. Wanda ya ɗura masa yuriya zai ga yaɗo da ganye shar, ya yi ta murna, ranar roro ya tashi da harawa.

Shi ya sa gwani ba ya watsa taki. Yakan raba shi biyu. Kamfa yake fara sawa, mako biyu zuwa uku bayan shuka, sannan yuriya ta biyo baya in dawa ta kusa ɗaukar ciki, a gindinta kawai. Sai ƙasa na da danshi yake fita, ya caka rami da tsinke ɗan nesa da tushe don kada shukar ta ƙone, ya zuba, ya rufe da diddige. Rufewar nan ba ado ba ce: yuriyar da aka bari a sarari cikin zafi, wani kasonta iska ke kwashewa. Buhu mai kilo 50, naitirojin ɗin cikinsa kilo 23 ne kacal, ga tsada, ina dalilin yi wa iska kyauta?

Ido ma na aikinsa. In ganyen ƙasa ya fara rawaya tun daga tsini, dawa na jin yunwa. In ta zabga tsawo, kore har ya yi duhu, kara ya yi laushi, an wuce da ita, iskar ƙarshen damina za ta iya kwantar da ita. Inda ƙuduji ya yi yawa kuwa, gwani ya san ƙasar ta gaji, sai ya haɗa da takin shanu.

Bincike ya zo ya tarar da manoma a kan hanya. Cibiyar ICRISAT da ke Sadore a Nijar ta yaɗa awon marfin kwalbar lemo, kimanin giram 6 na kamfa a kowane rami. Cibiyar IITA a Kano ta fito da tsarin layi biyu na hatsi, huɗu na wake, wanda ke sauƙaƙa ba kowace shuka rabonta.

Mutanen Zuru, da samarinsu ke shafe shekaru suna noman golmo, wato noman neman aure, a gonar surukai, ba baƙin fartanya ba ne. Tun 2020 Zuru ke da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya. Ɗalibanta su ɗauki sikeli su bi waɗannan gwanaye gona, su auna abin da yatsunsu ke ɗiba, su rubuta shi.