Gwanin Ruwa A Alƙalamin Marubutanmu

A wani zaman karatu da muka yi kwanan baya, wani matashin marubuci daga ƙasar Bunkure ya karanta mana labarin wani yaro ɗan masunta da ya lashe tseren kwale-kwale. Mun yi murna ƙwarai da jigon, domin kuwa ba kasafai marubutanmu kan waiwayi mutanen ruwa ba. To amma da aka zo ƙarshe, sai muka tarar yaron bai ci tseren ba sai don wata laya da kakansa ya ɗaura masa a damtse. Ba mu ga ranar da ya fara riƙe filafili ba, ba mu ga kantar hannunsa ba, balle ranar da jirgi ya kife da shi. Wannan rauni ba na ɗan'uwan namu ne shi kaɗai ba, shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna shi a wannan fili.

Tun daga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, ruwa a ƙagaggun labaranmu ya fi fitowa a matsayin abin al'ajabi, mazaunin aljannu ko maganin da ake tafiya nema. Imam ya yi abin da ya dace da irin labarinsa. Mu da muka tashi tsakanin Kura da Kadawa kuwa, wani ruwan muka sani daban. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, kanal ya ratsa gonakinmu, da shi ake noman shinkafa da alkama da tumatir, a cikinsa yara ke koyon iyo, kuma a cikinsa wasu iyayen suka rasa 'ya'yansu. Marubucin da yake da wannan duka a ƙofar gidansa, me zai kai shi aron laya?

Wani zai ce ai ba mu da gwanayen ruwan da za a rubuta. Muna da su. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, Kabawa kan yi tseren kwale-kwale da nutso a kogin Matan Fada, har hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun duniya a 2016. Sai dai idan mun je, hankalinmu kan tafi ga nauyin ƙaton kifi, mu dawo gida ba mu tambayi matuƙin da ya zo na ɗaya ko sunan ubansa ba. Haka kuma Ayomide Bello, 'yar Nijeriya, ta ci zinare a wasannin Afirka na 2019 a Maroko, sannan ta wakilci ƙasar nan a gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021.

Domin mu ga yadda rayuwar ɗan wasa ke zama labari ba tare da tsafi ba, bari mu dubi Birgit Fischer ta Jamus. Ita gwanar tseren kayak ce, wato ɗan siririn jirgin da ake zama a cikinsa ana tuƙawa da filafili mai baki biyu. An haife ta a 1962, ta ci zinarenta na farko a Mosko a 1980 tana da shekara 18. A 1984, lokacin da take kan ganiyarta, ƙasarta Jamus ta Gabas ta ƙaurace wa gasar Los Anjalis, dole ta zauna a gida. A 1990 ƙasar da take wa wasa ta narke cikin haɗaɗɗiyar Jamus. Duk da haka a 2004 a Atina ta sake cin zinare tana da shekara 42, wanda ya cika mata takwas. Marubuci mai basira ba zai tsaya ƙidayar lambobin ba. Zai tambayi abin da ta ji a 1984, da irin halin da ya mayar da uwar 'ya'ya biyu cikin jirgi a shekarun da tsararrakinta suka ajiye filafili.

Makaɗanmu sun riga mu a nan. Ɗan'anace ya raya sunan Shago a fagen dambe, har yau ana tunawa da shi. Amma aikin waƙar maza shi ne zuga da kirari. Aikin zube kuwa shi ne ya bi gwani har gida, ya nuna mana abin da yake ci, da wanda ya koya masa, da bashin da ke kansa, da daren da ya kasa barci saboda an kada shi. Idan muka kwashe kirari muka zuba a littafi, mun bar namu aikin, kuma ba mu kamo makaɗi ba.

Shawararmu ga ɗan'uwanmu na Bunkure da ire-irensa ita ce, a ajiye biro na mako guda a tafi Tiga. A zauna da masunta, a shiga jirgi, a tambayi yadda ake juya shi idan iska ta taso, a koyi sunan kowane abu da bakin masu shi. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Idan aka dawo, a cire layar daga damtsen yaron, a bar shi ya faɗi a tserensa na farko. Muna jiran sabon rubutun a zama na gaba, in Allah Ya kai mu.