Amshi Ba Jelar Waƙa Ba Ne: Waƙar Taro a Ƙasar Kurfai

Duk wanda ya buɗe littattafan nazarin waƙar baka ta Hausa zai tarar da su cike da sunayen mutum ɗai-ɗai: Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Shata, Ɗan Anace, a ɓangaren Nijar kuma Ɗan Gurmu na Tawa. Mutanen da ke tsaye a bayan waɗannan gwanaye suna karɓa musu kuwa, da wuya a ji sunan ko ɗaya daga cikinsu. Idan aka zo zuba waƙa a takarda, sai a rubuta gindinta sau ɗaya a sama, daga nan a riƙa jefa kalmar "amshi" a ƙarƙashin kowane ɗa, tamkar wurin da mawaƙi ke shan iska kafin ya ci gaba. Wannan ɗabi'a ta rubutu ta haifi wata ɗabi'a ta tunani, wato ɗaukar waƙa a matsayin dukiyar mai bayarwa shi kaɗai. Illarta ta fi faɗawa kan waƙoƙin da ba su da tauraro ko kaɗan, irin waɗanda jama'a ke yi da muryoyinsu da tafukansu ba kalangu ba kotso, kamar yadda ake yi a dandalin ƙauyukan Kurfai, a kwarin Dallol Boso, arewa maso gabas da Yamai.

Kafin a isa Filinge, yana da kyau a ɗan ratsa ta Amurka, domin can akwai mutanen da suka mai da amshi ya zama shi ne waƙar ɗungurungum. Ana kiran salon nasu Barbershop, wato shagon aski. Asalinsa yana komawa ga baƙaƙen fatar Amurka na ƙarshen ƙarni na 19, waɗanda kan haɗa murya a shagunan aski da bakin titi, kamar yadda Lynn Abbott ya tabbatar a bincikensa na 1992. A watan Afrilun 1938 wani lauya mai suna O. C. Cash da abokinsa Rupert Hall suka tara maza 26 a birnin Tulsa, suka kafa ƙungiyar da a yanzu ake kira Barbershop Harmony Society. Abin takaici, ƙungiyar ta rufe ƙofarta ga baƙar fata, masu abin tun asali, har zuwa 1963, mata kuwa sai a 2018 aka ba su cikakken wakilci. Kowane reshe yana da darensa guda a mako. Malamin makaranta da direba da mai ritaya su hau matakala su jeru, a busa 'yar sarewa don a ɗauki murya, a raba su kashi huɗu: mai jan waƙa, da siririyar murya a samansa, da babbar murya a ƙasa, da ta huɗu mai cike giɓi. Burinsu shi ne muryoyin huɗu su daidaita har kunne ya ji wata ta biyar tana yawo a sama, wadda babu bakin da ya fitar da ita. Bayan an tashi kuma sai a zauna ci da sha da hira, a tambayi wanda bai zo ba. Da yawansu ba za su taɓa cin gasa ba, kuma sun sani. Daren bitar shi ne abin da suke zuwa nema.

Wanzamin ƙasar Hausa ba shi da shago, zabirarsa yake rataya ya bi gida-gida, don haka ba a wurinsa za a nemi makamancin wannan ba. Haka kuma ba za a same shi ta fuskar raba murya huɗu ba. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Hawa da saukar murya kaɗai ke raba kukan yaro da kukar miya. Rauji a waƙar Hausa yana tafiya ne kusa da karin kalmomin, saboda haka idan wasu suka hau a inda wasu suka sauka, ma'ana ce za ta jikkata. Shi ya sa masu amshi ke tafiya kan hanya guda, manya a ƙasa, yara a sama. Mai kunnen Turawa yakan ji haka ya ce abin da sauƙi. Kuskure ne. Wahalar tana wani wuri daban: a lokacin shiga, a yadda amshi ke cafe wutsiyar maganar mai bayarwa tun ba ta rufe baki ba, a yadda tafi ke rabuwa biyu yana saƙa da juna, da kuma yadda mutum ashirin ke ja da sakin wasali ɗaya tare ba tare da wani ya ɗaga musu hannu ba.

Gaɗa ita ce makarantar wannan fasaha. A ƙauyukan Kurfai, kamar sauran ƙasar Hausa, 'yan mata kan fito dandali bayan cin tuwon dare idan akwai farin wata, su yi rabin da'ira, ɗaya ta bayar saura su karɓa. Mai rawa takan fito tsakiya ta juya baya, ta saki jikinta gaba ɗaya ta faɗo, ƙawayenta su tare ta su cilla sama daidai kan bugun tafi. A nan jiki yana faɗin abin da murya ke yi. Mai faɗuwa ba ta waiwaye, domin ta san za a tare ta. Mai bayarwa ma haka take sakin ɗan waƙa ta bar shi a iska, ta san amshi zai cafe. Idan hannu ɗaya ya yi jinkiri, yarinya ce za ta sha ƙasa. Idan murya ɗaya ta makara, kowa a dandalin zai ji, kuma za a yi wa mai ita dariyar da ba za ta so a maimaita ba. Babu malami, babu ranar da aka ware don koyo, amma ƙanƙanuwa tana tsaye a gefen da'ira shekara da shekaru tana tafi kafin a bar ta ta bayar. Koyon da yin duk abu guda ne.

Abin da ake faɗa a ciki kuma ba wasan yara ba ne. A gaɗa ne yarinyar da aka yi wa baiko da wanda ba ta so ke samun bakin magana, domin abin da ba za ta iya furtawa gaban mahaifinta ba, taro zai faɗe shi a madadinta, kuma ba a kama taro da laifi. A can ake yi wa saurayi marowaci zambo, a yi wa uwar miji habaici, a ambaci wanda ya tafi cin rani bai aiko ko ƙyalle ba. Wannan batu na ƙarshe yana da nauyi a Kurfai, ƙasar da mazanta suka daɗe suna gangarawa kudu bayan kaka, tun zamanin da ake tafiya Kumasi da Ankara ta Gana a ƙasa. Amshi a irin wannan waƙa hukunci ne. Idan mai bayarwa ta jefo magana aka karɓa da ƙarfi, gari ya sa hannu ke nan. Idan amshin ya fito a sanyaye, ta san ta wuce gona da iri.

Sai dai gaɗa ba ta san mako ba. Wata take bi, da kaka, da bukukuwan aure da salla. Mako a Filinge na kasuwar Lahadi ne da sallar Juma'a. Wanda ya shigo da bita mai rana da lokaci cikin waƙar matasa, gwamnati ce.

Hukuma ta daɗe da sanin cewa taron rawa da waƙa a wannan ƙasa ba abin rainawa ba ne. A Cikal, kusa da Filinge, aka fara ganin iskokin Hauka wajen 1925, har Kumandan Crocicchia ya kama mabiyansu ya tsare su a Yamai. Masanin tarihi Finn Fuglestad ya fassara lamarin a matsayin bore ga mulkin Faransa da sarautar Gado Namailaya da ta jingina da shi. Bayan shekara hamsin, Seyni Kountché, ɗan Fandu a cikin gundumar ta Filinge, wanda ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilun 1974, ya bi wata hanya. Maimakon ya hana taro, sai ya rungume shi. Ya farfaɗo da tsohon tsarin samariya, da sarkin samari da muƙarrabansa, ya mai da shi ginshiƙin aikin gayya na ƙasa, aka kuma kafa bikin matasa na shekara-shekara wanda ke zagaya manyan biranen jihohi. Ana fara tankaɗe daga ƙasa, a zo gunduma, a je jiha (a lokacin Filinge tana ƙarƙashin jihar Yamai), waɗanda suka tsira su wakilci yankinsu a wasan kwaikwayo da rawa da waƙar taro. Janet Beik ta bayyana yadda ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na wancan zamani ke shirya ayyukansu a littafinta na 1987, amma waƙar taro ba ta sami irin wannan kulawa ba.

A nan ne ra'ayoyi suka rabu. Wasu suna kallon waƙoƙin samariya a matsayin farfaganda zalla, kuma suna da hujja. Jigoginsu sanannu ne tun kafin a buɗe baki: haɗin kan ƙasa, dashen itatuwa, yaƙi da jahilci, kiran 'yan cin rani su dawo gida su yi noma. Rabin da'irar dandali aka miƙar ta zama sahu yana fuskantar manyan baƙi. Anko ya maye gurbin zanen gida. Habaicin da yake shi ne gishirin gaɗa aka tace shi, domin ba a yi wa kowa zambo a gaban gwamna. Mafi muni, sau da yawa wani malamin lakwal ko ma'aikacin gidan matasa ne ke tsara baitocin, 'yan mata su hardace. Yarinyar da a dandali take faɗin damuwarta game da saurayin da ya tafi, a kan dandamali sai ta koma tana yi masa wa'azi da bakin ma'aikatar tsare-tsare. Amshin da yake iya ƙin karɓa ya zama amshin da ba shi da zaɓi, har ya yi kama da abin da Bahaushe ke kira amshin Shata.

Duk da haka, wannan hukunci bai cika ba, domin ya tsaya ne kan kalmomi da ranar biki, ya manta da watannin da suka gabace ta. Bita ta kawo abubuwan da dandali bai taɓa bayarwa ba. Ta ba budurwa dalilin fita da iyaye ba za su iya musawa ba. Ta zaunar da 'yar Bakurfaye da 'yar Zabarmawan Tondikandiya da 'yar Buzaye da ta Fulani a sahu ɗaya, kowace tana gyara wa 'yar'uwarta lafazi. Ta koya wa masu amshi sauraren kansu: a tsaya, a sake, a sake kuma, har shigar ta zama ɗaya. Wanda ya saurari abin da Muryar Sahel da Tele Sahel suka yaɗa na waɗannan bukukuwa zai ji tsabtar amshin da ba a samunta sai da maimaici mai yawa. Kalmomin na hukuma ne, amma raujin da tafin da numfashin daga dandali aka ɗauko su, kuma su ne suka sa tsofaffin 'yan samariya ke iya rera waƙoƙin har yau alhali sun manta da taken shirin da aka yi su dominsa. Manazarcin da ya karanta baitocin a takarda ya yi tsaki, rabin aikin kawai ya duba.

Maza manya suna da nasu zaman na mako, ko da yake masu yinsa ba za su yarda a kira shi waƙa ba, kuma wajibi ne a girmama wannan. Zikirin Juma'a na Tijjanawa, tsakanin la'asar da magariba, da'ira ce ta muryoyi zalla, mai jagora da tashi da sauka da lokacin da numfashin jama'a ke zama ɗaya. Haka ma karatun Ishiriniyar Alfazazi, wanda ya rasu a 1230, da ake rerawa a dararen Mauludi. A irin wannan zama ne ake gane wanda bai zo ba, a bi sawunsa a ji ko lafiya, a haɗa gudummawar suna ko ta rasuwa. Ta wannan fuska, shi ya fi kusa da daren bitar mutanen Tulsa.

Kountché ya rasu a 1987, kuma bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 samariya ta bi tsarin jam'iyya ɗaya ta shuɗe. Samari suka koma fada, gindin butar shayi da kaset, daga baya wayar hannu. Wa'azin da ke ƙyamar cuɗanyar maza da mata da dare ya rage wa dandali jama'a, waƙoƙin finafinan Kano kuma suka shiga bakin yara. Sannan rashin tsaro ya zo ya ɗora nasa: tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a sassan jihar Tillaberi, a 2020 aka hana zirga-zirgar babura, ƙauyuka da dama na arewacin yankin suka watse. Waƙar da sharaɗinta shi ne mutane su fito waje da dare su taru, ita ce ta fara jin jiki a irin wannan hali, kuma ba ta da wani Shata da za a ce kaset ɗinsa ya adana ta.

Abin da ke hannu shi ne faya-fayan gidan rediyo da talabijin na ƙasa a Yamai, da cibiyar horar da makaɗa ta Alhaji Taya, da matan da suka yi gaɗa da samariya a shekarun 1970 da 1980, waɗanda yanzu kakanni ne a Filinge da Bonkuku da Cikal. Mai son ɗaukar waƙa daga bakinsu kada ya zaunar da tsohuwa ɗaya gaban na'ura ya ce ta rera, domin rabin waƙa za ta ba shi, ta yi shiru a inda ake karɓa. Sai ya tara biyar ko shida da suka yi dandali ɗaya. In ya zo rubutawa kuma, ya rubuta amshin a duk inda ya faɗo, ya nuna gaɓar da ya shigo a kai, da inda ya canza kalma, da inda tafi ya rabu, sannan ya jera sunayen masu karɓar a shafi ɗaya da na mai bayarwa.