Ra'in Matakan Addini da Hujjar Harshe: Sharhi a Kan Nazarin Bori da Tsafin Dutsen Zuma

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1871 ne E. B. Tylor ya wallafa littafinsa Primitive Culture a Ingila, inda ya kawo ra'in cewa addini ya faro ne daga imanin ɗan'adam da kurwa da iskoki, sannan ya hau matakin bautar gumaka da yawa, daga bisani ya kai ga kaɗaita abin bauta. A wajensa, duk wata al'ada da aka tarar a mataki na sama alhali ta fi kama da ta ƙasa, ɓurɓushi ce ta zamanin da. Evans-Pritchard ya rushe wannan gini tun 1965, amma har yanzu inuwarsa ba ta bar kundayen nazarin Hausa ba. Da wuya a buɗe babin al'ada ba a tarar da jimlar "kafin zuwan Musulunci Hausawa suna bori" ba, tare da misalan da aka tattara a ƙarni na 20. Wannan maƙala za ta auna wannan ɗabi'a da ma'aunin harshe, sannan da tarihin tsohuwar masarautar Abuja.

2.0 Abin da Kalmomi Suke Faɗa

A. J. N. Tremearne shi ne ya fi kowa shigar da bori cikin wancan ra'i, a littafinsa The Ban of the Bori na 1914. Abin da masu kafa hujja da shi ba su cika ambatawa ba shi ne, kaso mai yawa na bayanansa a Tunis da Tarabulus ya samo shi, daga bakin Hausawan da bauta da fatauci suka kai can, waɗanda suka daɗe a tsakiyar Larabawa Musulmi. Ke nan, an je wurin da cuɗanya ta fi yawa, an dawo da abin da aka kira asali.

Sunayen iskokin kansu sun isa shaida. Malam Alhaji dattijo ne mai karatu da tasbaha. Ɗangaladima ɗan sarki ne mai ado da almubazzaranci. Barhaza kuwa Bafilatana ce. Babu yadda za a yi iska ya amsa sunan Alhaji kafin a san hajji, ko ya riƙe sarautar Galadima kafin a aro ta daga Barno. Haka kuma a wajejen 1925, a yankin Filinge na Jamhuriyar Nijar, aka ga bayyanar Babule, iskoki masu kwaikwayon sojoji da jami'an Faransa. Wato dai bori rumbu ne da yake karɓar sabon hatsi kowace kaka.

Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 zuwa 1939 ya kuma wallafa bincikensa a 1946, ya fi Tremearne kula da wannan. Ya lura cewa Maguzawa sun san Allah da wannan suna na Larabci, suna kuma daidaita iska da aljan, har sun raba su zuwa farare masu zaman gari da baƙaƙe mazauna daji. Ita kanta kalmar Bamaguje, masana da dama sun danganta ta da Majusu ta Larabci, kamar yadda kalmar addini ma aro ce. Duk da haka, kan littafin nasa ya nuna ya ɗauka akwai wani tsantsan addinin Sudan da Musulunci ya zo ya tarar a daskare, alhali tsohuwar shaidar da ake da ita a kansa, wato labarin Barbushe da Tsumburbura a Tarihin Kano, malami Musulmi ne ya rubuta ta, a ƙarshen ƙarni na 19 bisa ra'ayin mafi yawan masana tarihi.

3.0 Abuja da Dutsen Zuma

A nan ne matsalar ta fi fitowa fili. Lokacin da masu jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu zuwa Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja a 1828, garin da ake kira Suleja a yau. Da yake Fulani ba su ci wannan masarauta ba, sai manazarta suka ɗauke ta a matsayin madubin ƙasar Hausa kafin jihadi. M. G. Smith ya yi haka a Government in Zazzau na 1960, inda ya dogara da tsarin sarautun Abuja don gano na tsohuwar Zazzau. A fagen sarauta wannan dabara tana da abin kare kanta, domin da muƙamansu mutanen suka yi hijira. Kuskuren yana zuwa ne idan aka miƙa ta zuwa fagen addini.

Littafin Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, wanda Frank Heath ya fassara da sunan A Chronicle of Abuja a 1952, ya ruwaito cewa sarakunan Abuja kan aika wa masu tsaron Dutsen Zuma baƙin sa da baƙin bunsuru da baƙin kare domin yanka. Mai bin Tylor zai yi hanzarin cewa ga ɓurɓushin maguzancin Haɓe nan. To amma dutsen ba a Zariya yake ba, masu tsafinsa kuma Koro ne, ba Hausawa ba. Zazzagawan da suka iso sun daɗe da Musulunci. Riwayar Abuja ma cewa ta yi a filin idi harin ya riski Makau. Saboda haka, wannan yanka hulɗa ce ta sarauta da masu ƙasa, irin ta baƙon da yake neman zama lafiya da waɗanda ya tarar. Abin da ra'in ya sa a matakin farko, a tarihin wannan fada ya biyo bayan salla da azumi ne. Wanda bai san shekarar 1828 ba zai karanta tsanin a kife.

Wani abin dubawa shi ne, da Hausa aka rubuta wannan bayani, daga Hausa kuma ya koma Ingilishi. Kalmomin tsafi da dodo da arne sun rufe sunayen da Koro da Gbagyi suke kiran abubuwan bautarsu da su, kuma kowace daga cikin ukun hukunci take ɗauke da shi. Manazarcin da ya tarar da "tsafi" a shafi ɗaya game da Zuma, a wani shafin kuma game da Dala, sai ya zaci abu guda ne, alhali fassara ce ta haɗa su. Tun bayan Dokar Soja ta 6 ta 1976 da ta kafa Babban Birnin Tarayya, da dawowar gwamnati a ranar 12 ga Disamba, 1991, an tashi ƙauyukan Gbagyi irin su Wuse da Maitama daga mazauninsu, an raba su da duwatsu da kurmin da waɗannan sunaye suke rataye a kansu. Dattawan da suka san su kuwa, yawancin hirar da ake yi da su har yau da Hausa ake yin ta.