Tashar Oke-Are: 'Yanci Daga Gwamnati, Amma Ba Daga Kuɗi Ba



Duk wanda ya haura shekara arba'in a garin nan na Badun zai tuna lokacin da tasha biyu ce abin kallonmu: NTA da ke Agodi, da BCOS ta jihar Oyo. Duka biyun na gwamnati ne. Labarai su fara da shugaban ƙasa, su gangaro kan gwamna, su ƙare da matar gwamna. Shi ya sa da Galaxy ta fara watsa shirye-shirye daga tudun Oke-Are a 1994, mutane suka yi ta juya eriya suna neman ta, don abu ne da ba a saba gani ba: mutum ɗaya, Cif Steve Ojo, ya buɗe gidan talabijin nasa na kansa.

Yadda aka zo nan ɗin yana da ɗan tsawo. A garin nan aka kunna talabijin na farko a Najeriya, wato WNTV, ranar 31 ga Oktoba 1959, zamanin Awolowo. A 1977 gwamnatin soja ta Obasanjo ta tattara tashoshin ƙasar duka ƙarƙashin NTA. Da farar hula suka dawo, jihohi suka sake buɗe nasu, ta Oyo kuwa a zamanin Bola Ige aka yi ta. Amma ɗan kasuwa bai samu ƙofa ba sai 1992, da Babangida ya sa hannu a doka mai lamba 38, wadda ta kafa hukumar NBC mai ba da lasisi. Daga nan ne Galaxy ta fito, da DITV a Kaduna, sai Channels da AIT a Ikko.

Har yau ana gardamar wa ya riga wa tsakanin Galaxy da DITV, tunda duk a 1994 suka hau iska. Mutanen Badun kuwa kun san su da son kalmar "na farko": jami'a ta farko, talabijin na farko, ga Cocoa House ana nuna wa baƙo da yatsa. Ni dai gardamar nan ba ta taɓa burge ni ba. A kasuwa ba a tambayar wa ya fara kafa rumfa, ana tambayar me yake sayarwa, kuma wa yake sayar wa.

In za a yi adalci, Galaxy ta yi abin a yaba. Buɗe tasha a 1994 ba wasa ba ne. Shekara guda ke nan da soke zaɓen 12 ga Yuni, Abacha na kan mulki, ana rufe jaridu, lasisin kuma a hannun hukuma yake, ta ga dama ta karɓe. Ga na'urar watsawa da dala ake sayenta, ga NEPA da kowa ya san halinta, sai janareto ya sha man dizil dare da rana. Mutumin da ya ɗauki wannan kaya ya kuma riƙe shi shekara talatin, to ya cancanci a ce masa sannu. Kuma ta nuna cewa za a iya yin labarin gari ba tare da an jira ofishin gwamna ya aiko da takarda ba.

Inda nake da magana shi ne kan kalmar "mai zaman kanta". Tashar gwamnati albashi daga baitulmali yake zuwa, don haka gwamna ne ubangidanta. Tashar ɗan kasuwa kuwa talla ce abincinta, don haka mai talla ne ubangidanta. Manyan kamfanonin da ke raba kuɗin talla kuma a Ikko suke zaune. Ba mamaki da Galaxy ta tsallaka ta buɗe a Ikeja, nauyin aikin ya karkata can. A matsayina na ɗan kasuwa ban ga laifinsu ba, kowa inda ciniki yake yake kai kayansa. Amma a matsayina na mai kallo, tashar da ta fara a matsayin ta garinmu ta zama ɗaya daga cikin tashoshin Ikko masu yawa, kuma a can ba ta kai manyan ƙarfi ba.

Abin da ya rage wa ƙananan tashoshi a ƙasar nan, kusan dukansu, shi ne sayar da lokaci. Rabin sa'a kaza, sa'a guda kaza. Fasto ya saya, mai maganin gargajiya da ke warkar da cuta goma da kwalba ɗaya ya saya, ɗan siyasa ya saya a lokacin zaɓe, mai bikin binne uwarsa ya saya. Mu ma malamai kada mu yi dariya, tafsirin azumi da ake sa wa a talabijin ai wani alhaji ne ke biya, shi ya sa ake jera sunansa kafin a ja aya. Mai kallo yana zaton tashar ce ta zaɓi abin da ya fi amfani ta nuna masa, alhali wanda ya biya ne ya zaɓa.

To ina mu a cikin wannan? Sabo tun 1916 take, ta girmi talabijin da shekara arba'in da wani abu. Amma a tashoshin garin nan galibi sau biyu ake tunawa da mu: ranar Sallah a nuna raguna, sai kuma ranar da rikici ya tashi. Ku tuna Shasha a watan Fabrairun 2021. Kafin wani ɗan jarida ya iso, hotuna na gaskiya da na ƙarya sun gama zaga WhatsApp da Facebook, daga nan har Kano. A irin wannan rana ake gane amfanin a ce akwai wani shiri da maƙwabtanmu Yarabawa suka saba ganin fuskokinmu a cikinsa, muna maganar farashin albasa da makarantar yara da kwatar unguwa, tun kafin ranar tashin hankali.

Kuma wallahi rabin laifin namu ne. Ku leƙa rufin gidajen Sabo, duk faranti ne ke kallon sama. Arewa24 muke kallo da tashoshin wa'azi, da asuba mu kunna BBC Hausa. Mutum ya san abin da ya faru a Zamfara jiya, bai san dokar da majalisar Oyo ta yi kan kasuwar da yake zaune a ciki ba. Mai tasha yana lissafi ne: waɗannan ba sa kallona, ba sa ba ni talla, don me zan ɗauki mai karanta labarai da Hausa? DITV ta iya cika lokacinta da Hausa ne saboda mai kallo da mai talla duk Hausa suke ji.

Kuɗin rabin sa'a a mako bai fi ƙarfin 'yan canjin Sabo da dillalan shanu na Akinyele da 'yan gwari ba, in sun haɗa hannu. Tunda lokacin na sayarwa ne, mu ma mu saya. Sai dai a yi shirin da Hausa da Yarabanci tare, tunda 'ya'yanmu duka biyun suke ji, kuma maƙwabci muke so ya kalla. A kuma ba matasa su tafiyar da shi, a yi sharaɗi tun farko cewa gaishe-gaishen alhazan da suka biya ba za su wuce minti biyu ba.